Inna da Kunun Mutanen Sin

Inna ta sauka a Jidda da ƙibarta da ƙarfinta, da ƙullin daddawar da ma'aikatan filin jirgi suka buɗe suka shinshina suka mayar mata da sauri. Bayan wata huɗu, zanin da take ɗaurawa ya zauna daram sai ga shi yana neman zagaye ta sau biyu, zoben azurfar da tun ina yarinya ban taɓa ganin ta cire ba ya zame da kansa ya faɗi a wurin alwala. Uwata ba ta cin abinci, tana ƙarewa a gidana ina kallo. Ni kuwa ma'aikaciyar asibiti ce, kuma don abin ya ƙara muni, mai rubutu ce a kan girki.

Da safe ina ɗakin gwaje-gwaje na wani asibitin kuɗi, ina leƙa jinin mutane da fitsarinsu. Da yamma ina koya wa matan da ban taɓa gani ba yadda ake dafa abinci, a waya, da hoto da komai: albasa biyu, man gyaɗa ludayi ɗaya, a rage wuta. Suna kirana Anti, suna tambayata abin da za su dafa maigida ya daina ci a waje, ni kuma ina ba su amsa ba ko tari. Har na fara tara rubutun da niyyar buga littafi, na ma riga na zaɓi atamfar da zan sa a hoton bango.

Mijina haifaffen unguwar Ruwais ne, a nan Jidda. Kakanninsa sun baro ƙasar Hausa a ƙafa, suka yi zaman shekaru a Sudan, suka tsallako teku, shi kuma ya tashi yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ta fito tana ɗingishi Larabci na tallafe da ita. Yana aiki a wani sito a Khumra, can kudancin gari. Mutumin kirki ne, irin kirkin nan da ba ya jin birki. Da Baba ya rasu Inna ta fita takaba, shi ya fara cewa a kawo ta, shi ya yi ta zirga-zirgar takardun ziyara, shi ya sayo sabuwar katifa ya sa a ɗaki na biyu na gidan da muke haya a unguwar Ammariyya.

A tarbiyyar da ya samu a nan, ba a barin baƙo ya ci abinci shi kaɗai, balle babba. Don haka daga ranar da Inna ta zo ya canja tsarin aikinsa. Da can a Khumra yake cin abincin rana tare da leburori, shinkafa da kaza a leda. Yanzu sai ya tuƙo mota cikin cunkoso ya iso gida bayan azahar yana gumi, a shimfiɗa sufra, ledar cin abinci, a tsakiyar falo, ya zauna daf da Inna ya naɗe hannun riga. Shi zai yago mata tsokar da ta fi laushi ya tura gabanta. Shi zai ɓare mata lemo. In ta ce ta ƙoshi sai ya dafa ƙirji.

"Wallahi ya Khala sai kin ci. Wallahi. Lugma wahda bas, loma ɗaya tak."

Inna ta yi karatun allo, ta san nauyin rantsuwa. Sai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta ɗauki loma ɗaya ƙarama don kada ɗan mutane ya yi kaffara, ta ce alhamdulillahi, ta janye hannu. Haka da safe, haka da rana, haka bayan magariba. Ni ina gefe baki har kunne, ina ɗaukar su hoto ina tura wa ƙannena a gida, ina ce musu su zo su koyi yadda ake riƙon iyaye.

Na san akwai wadda ta karanta zuwa nan ta riga ta gane ciwon Inna, ta riƙe haɓa tana kallona. Ki yi haƙuri ki biyo ni a hankali. Ni wata huɗu na yi ban gane ba, sai da wata tsohuwa 'yar ƙasar Sin ta sa ni a gaba.

Da farko na ɗora laifin a kan abincin ƙasar. Inna ma ta taya ni, ta ce shinkafarsu ƙamshi ya yi mata yawa, kamar da turare aka dafa ta. Na ajiye shinkafar kabsa da ta bukhari na koma tuwo. Na je wurin matanmu masu sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa, na tuƙa tuwon masara har kafaɗata ta yi tsami, na kaɗa miya da daddawarta ta gida. Loma ɗaya. Na yi dambu, na yi fate, na yi ɗanwake. Loma ɗaya, wani lokacin biyu in rantsuwar ta zo sau biyu. Sai na ce to kewar Baba ce. Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta kira, hira mai tsawo ba ta taɓa haɗa mu ba, amma na zauna na yi mata wa'azin haƙuri tiryan-tiryan, ni da ita ta koya wa Fatiha. Ta saurare ni har na gaji, ta ce Allah ya yi albarka.

Daga nan na koma ga abin da na iya. Na ɗebi jininta da hannuna na gwada duk abin da injinmu ya san sunansa. Suga lafiya, ƙoda lafiya, hanta lafiya, jinin ne kawai ya yi ƙasa. Likitan ciki ya zura mata na'ura ta maƙogwaro ya leƙa ko'ina, ya fito ya ce bai ga miki ba, bai ga ƙari ba. Ya rubuta maganin buɗe ciki, ya ce in nauyinta ya ci gaba da sauka sai an kwantar da ita an yi mata ƙarin ruwa. A makon ne muka je Umra. A zagaye na huɗu na ɗawafi jiri ya ɗebe ta, aka ƙarasa da ita a keken guragu, matar da ko bara ita take surfa geronta da kanta. A hanyar dawowa taga kawai take kallo. Ranar na ji tsoro, tsoro na gaske, har na kama kaina ina tunanin wa zan fara kira a gida in abin ya faru.

Wata abokiyar aikina, Bahaushiyar Sudan, ita ta ba ni labarin tsohuwar. Ta ce akwai wani gidan abinci na Musulmin Sin, uwar mai wurin tana zama a ɗakin baya. Ba likita ba ce, ba ta da allo a ƙofa, amma da romo kawai ta raba mijinta da ciwon cikin da ya yi shekaru yana wahalar da shi. Na yi dariya, na ce ni da nake aiki da injin da ke ƙirga ƙwayoyin jini zan kai uwata wurin mai romo? Ranar Asabar da hantsi na kai ta.

Tsohuwar ƙaramar mace ce, baƙin kallabi ya rufe har haɓa, tana zaune a tsakiyar kwalabe da buhunan busassun abubuwa tana tsince wasu jajayen 'ya'yan itace a faranti. Aikin hajji ya kawo ta shekarun baya, ɗanta ya buɗe wurin, ita kuma ta zauna. Larabcinta a karye, nawa a karye, muka haɗu a tsakiya kowa na lallaɓa nasa. Ta kama wuyan hannun Inna da yatsu uku ta lumshe ido, ta daɗe, ta koma ɗaya hannun. Sai ta ce Inna ta fito da harshe. Da na fassara, Inna ta harare ni ta ce ita ba za ta yi wa babbar mace gwalo ba, ba a haka aka raine ta ba. Sai da tsohuwar ta fara zaro nata harshen don nuni, sannan Inna ta leƙo da kan nata kaɗan, cikin ladabi.

Daga nan aka shiga karatu. Tsohuwar ta ce a wurinsu kowane abinci yana da hali: akwai mai zafi, akwai mai ɗumi, akwai mai sanyi, ba wai na wuta ko na firji ba, halin da yake yi a jiki in an ci. Kankana mai sanyi ce, haka kokwamba. Naman rago mai ɗumi ne, citta kuwa zafi gare ta. Ciki tukunya ce a kan murhu, in ana yawan kwara masa ruwan ƙanƙara wutar mutuwa take yi, sai abinci ya zauna ɗanye. Ina fassarawa ina ɓoye murmushi, sai na ga Inna tana gyaɗa kai. Ta ce ai wannan kowa ya sani, wa zai ba mai jego kankana, ba kunun kanwa da yaji ake dura mata ba? Ta ce ashe su ma suna da hankali. Ban fassara wannan ba. Kafin a jima tsofaffin biyu sun daidaita ta saman kaina, da hannu da ido, a kan cewa ruwan sanyi ne zai ƙarar da 'yan zamani.

Inna ce ta tona mini asiri. Ta nuna ni, ta kwaikwayi mai juya miya, ta kwaikwayi mai danna waya. Da tsohuwar ta gane rubutun abinci nake yi sai ta miƙe ta ɗauko wani kundi a naɗe cikin ƙyalle, takardunsa sun yi ja, rubutun na sauka daga sama zuwa ƙasa. Na kakanta ne. Ta ce a ƙasarsu likitoci suna cikin waɗanda suka fara zama suna rubuta abinci da gaske. Sarakunansu na dā suna da likita wanda ba shi da aiki sai kwanon sarki, kuma ana lissafa shi kafin mai ɗaurin karaya da mai wankin miki. Gwanin likita da tukunya yake farawa, sai ta gaza sannan ya ɗauko magani. Kuma in za su rubuta wani romo, ba yadda ake dafa shi kaɗai suke rubutawa ba, har da wanda ya dace ya sha, da lokacin shekarar da zai sha, da abin da ya same shi bayan ya sha.

Ta ce in nuna mata nawa. Na buɗe waya cike da alfahari na miƙa mata hoton wani farfesun kaza da mata suka yi ta yabo. Ta kalla, ta matso da shi kusa da ido, ta tambaye ni wa aka dafa wa. Na ce kowa da kowa, duk mai so. Ta miƙo mini wayata da yatsu biyu ta ci gaba da tsintar 'ya'yan itacenta.

Abin ya ƙona mini rai, har daga baya na je na yi ɗan karatu don in samu abin da zan rama da shi. Na tarar gaskiya ta faɗa, kuma ba su kaɗai ba ne, Larabawan Bagadaza ma sun cika littattafai da girkin fada. Amma na lura da abu ɗaya: galibin waɗannan littattafan maza ne suka rubuta su domin manya masu tumbi, ban kuma yi zaton hayaƙin ɗanyen itace ya taɓa sa ɗayansu hawaye ba. Mu kuma malamanmu sun cika kundaye da maganin kunama da na kwarjini, amma ban taɓa jin wanda ya ɓata tawadarsa a kan miyar kuka ba. Wannan a hannun mata ta zauna, uwa ta nuna wa 'ya, a ɗiba daidai, a zuba har sai ya yi. Ni kuwa a lokacin gani nake ni aka aiko in ceci abincin Hausa daga jahilci da cokalin awo.

Tsohuwar ta haɗa mana magani a leda. Wani ƙanƙanin gero ruwan ɗorawa, da jan dabinonsu mai kama da magaryar da ta samu kulawa, da busasshiyar farar doya yanka-yanka, da citta. A dafa a ƙaramar wuta har ƙwayar ta narke, a sha da ɗumi safe da yamma. Romon rago sau biyu a mako. Ta rubuta kankana da ruwan firji da Larabci ta ja layi ta soke su. Sannan ta ɗauko farar takarda ta raba ta gida huɗu: abin da aka ba ta, lokacin da aka ba ta, yawan da ta ci, da wanda ke wurin lokacin da take ci. Ta ce in cika ta kullum, in dawo bayan mako biyu.

Awa uku na yi a kan tukunyar nan. Inna ta leƙo kicin ta ɗanɗana a ludayi, ta ce wannan ai kunu ne, kunun da aka yi wa rowar tsamiya, mun tafi har ƙasar Sin mun dawo da abin da ake ba yara. Amma ta sake ɗiba, ta sake. Na fara murna ke nan mijina ya shigo, ya ji labari, nan take ya naɗa kansa shugaban ba da magani. Washegari ya sayo wani kwano mai hoton tsuntsu da cokalin tangaran, ya ce dole a yi abin bisa usul, wato bisa ƙa'ida. Kullum shi zai zuba, shi zai hura, ya zauna a gabanta ya zuba mata ido yana jira. Har shan nasa yake yi don ya ƙarfafa mata gwiwa, yana lumshe ido yana cewa laziz, wai akwai daɗi, alhali na san ƙarya yake yi. A mako biyun nan shi ya yi kumatu.

Takardar kuwa na cika ta irin cikar 'yan boko. Na ɗora kwano a sikeli kafin ci da bayan ci, na rubuta lokaci har da minti. Gida na huɗu ne kawai na bari fayau. Na ce wannan camfi ne, ina ruwan ciki da wanda ya halarta, rajistar makaranta ce? Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne, a tsakiyar kwanakin akwai guda uku a jere da Inna ta shanye kwanon tas, har ta ci tuwo malmala guda. Na ce geron ya fara aiki. Da ta koma loma ɗaya kuma na ce wataƙila cittar ce ta yi kaɗan.

Ni kaɗai na koma wurin tsohuwar, don Inna ba ta da ƙarfin hawa da sauka. Ba ta iya karanta bokona ba, amma gane gidan da babu komai a ciki ba ya buƙatar karatu. Ta ɗora yatsa a kai ta ɗago ta dube ni, irin kallon da na bar gani tun ina firamare. Ta ce kakanta da wannan gidan yake farawa. Mutum in yana ci cikin fushi, ko tsoro, ko a gaban wanda ya yi masa nauyi, ko me aka dafa masa ba ya wucewa. Ta tura mini biro ta ce ba zan tashi ba sai na cika.

Na zauna a kan buhun busasshen barkono ina cikawa, ina duba hotunan wayata don in tuna. Ba wani wahala, domin amsar ɗaya ce: ni da mijina, ni da mijina, mijina shi kaɗai ranar da na yi aikin yamma. Sai da na iso kwana ukun nan na tsaya. Kwanakin ne aka tura shi garin Yanbu karɓo kaya. Na rubuta ni kaɗai, ni kaɗai, ni kaɗai, na karanta mata da Larabci.

Ta sauke murya ta tambaye ni ko mutumin nan yana dukanta, ko yana zaginta in ba na nan. Na fashe da dariya, na ce wannan da za ta yarda goya ta zai yi ya kai ta Makka. Ina cikin dariyar sai kakata ta faɗo mini a rai, uwar Inna. Duk ranar da Baba ya kai mu ƙauye gaishe ta, tana jin sallamarsa za ta kife faifai a kan kwanonta ta tura shi ƙarƙashin gado, ko ruwa ba za ta kurɓa ba har sai ya bar gidan. Da idona na gani ba sau ɗaya ba. Na ma taɓa ba matan wayata labarin don su yi dariya, na ce su ji yadda mutanen dā suke wahalar da kansu. Nan take na daina dariyar.

Sauran duk ya biyo baya da kansa. Matar da ba za ta tauna abinci a gaban surukinta ba, ba za ta buɗe tukunya ko firji a gidansa ba in ba miƙa mata aka yi ba. Ni kuma ba na ajiye mata komai in za mu fita da safe, tunda ya ce kada a ba ta ɗumame, zai dawo da rana a ci sabo tare. Wato wata huɗu uwata tana rayuwa a kan shayi da lomar fitar da rantsuwa, da ɗan ƙuli-ƙulin da ta zo da shi a jaka, wanda na tabbata ya daɗe da ƙarewa.

Na yi wa tsohuwar bayani iya yadda Larabcina ya kai, cewa a wurinmu uwa ba ta ci a gaban mijin 'yarta, kunya ce, girmamawa ce. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi dariya har da tari. Ta ce su ma suna da nasu abubuwan, amma wannan babu shi a kundin kakanta. Ta karɓi biron ta bi gida na huɗu tana soke mijina layi bayan layi, daidai yadda ta soke kankana.

"A cire wannan," in ji ta. "Sauran duk ta ci, har ruwan sanyin in tana so."

A mota na tare mijina da yamma kafin ya hau sama. Da farko bai gane ba, ya ɗauka wani laifi ya yi mata. Da ya gane sai ya saki sitiyari ya jingina, fuskarsa ta canja.

"Yaʿni ni ne? Ana? Wata huɗu ina rantse mata, ita kuma tana jin yunwa?"

Sai ya ce ya tuna, kakarsa ta wajen uwa a Ruwais bayan ƙofa take cin abinci ta juya wa ɗaki baya in babansa yana gida, su yara suna cewa nama take ɓoyewa. Ba wanda ya taɓa gaya musu dalili. Ya juyo ya tambaye ni, shi a nan aka haife shi, ni da na tashi a can me ya hana ni gaya masa? Na ce masa ya rage murya. Ya buɗe ƙofa ya ce bari ya je ya durƙusa ya ba ta haƙuri, na damƙo rigarsa na ce in ya yi haka ya ƙarasa ta ke nan, gobe za ta nemi jirgi. Ya koma ya zauna. Ya ce khalas, shi ke nan, daga gobe rana a Khumra, yamma a gidan mahaifiyarsa, kuma in riƙa cika mata ɗaki da abinci in ce tsarabar maƙwabta ce. Ya ba ni tausayi ƙwarai, don na san babu abin da yake so a duniya kamar ya ga mutum yana ci a gabansa.

Washegari na ɗauki hutu. Na tuƙa tuwon shinkafa na kaɗa kuka da man shanu, ban auna komai ba. Ban shimfiɗa sufra a falo ba, na kai mata ɗakinta na ajiye a gaban katifa. Na ce aiki ya yi wa maigidan yawa, ba zai riƙa dawowa cin abinci ba, ba yau kaɗai ba, har illa masha Allahu. Na tura ƙofa na rufe.

Ta kalli ƙofar, ta kasa kunne na ɗan lokaci. Sai ta jawo kwanon wanke hannu. Ta gutsuro loma ta gaske, irin wadda na san ta da ita, ta dangwalo miya har tana bin yatsunta. Ta ci ta biyu, ta ci ta uku. Na zauna a bakin katifa ina kallo, ta ce in ɗauke mata ido, ko ban taɓa ganin mai ci ba ne. Na mayar da idona kan darduma. Amma bakina ya ƙi zama.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ba ta ɗago ba. Sai da ta haɗiye.

"Da wane bakin zan ce ki ta da miji daga kan abincinsa, a gidansa? Yaron kirki, yana ta wahala a kaina." Ta sake gutsuro tuwo. "Kullum in ya zauna sai in dube ki. In ce yau za ta tuna."

Na tuna kallon. Kullum ina ganinsa, kullum ina mayar mata da murmushi, ina ɗaga waya ina ɗaukar hoto. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan rana ba.

"Ai na zaci a ɗakina kika tashi," in ji ta, ba faɗa a muryarta.

Ta suɗe kwanon tas ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce in akwai ƙanzo a tukunyar in kankaro mata.